Malama Sailuba da Cikakken Murabba'i

Duk mai bin lungunan Ƙofar Jatau da sassafe ya san Malama Sailuba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai farin mayafi da ke fitowa daidai lokacin da mai ƙosai ta bakin masallaci ke kwashe kaskon farko, da jaka a kafaɗa tana ƙwaras-ƙwaras kamar an zuba katakai a ciki. To katakan ne kuwa. A da ita kaɗai take tafiya, da sauri, har 'yan makaranta su riƙa rugawa don kada ta riga su shiga aji. 'Yan shekarun nan kuwa, hannunta na dama yana shafar garu, na hagu yana kafaɗar duk ɗalibar da hanya ta haɗa su. Saurin ya ragu, amma har yau ƙararrawar taron safe ba ta taɓa samun ta a wajen ƙofa ba.

A ƙarshen wannan zango na shekarar 1998 Malama Sailuba za ta yi ritaya daga koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke cikin Birnin Zazzau. In ba mu da muka zauna da ita muka faɗi aikinta ba, babu mai faɗa, ita kuwa ko kusa. Ni Hausa nake koyarwa a ajin da ke manne da nata. Bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma bai kai rufi ba, don haka na sha darussanta da yawa ba tare da an sa sunana a ajin ba. Abin da zan faɗa, wani na gani, wani na ji ta saman bango, wani kuma da bakinta ta ba ni.

A firamare ta fara, ta daɗe tana koya wa yara ƙidaya, sannan ta koma karatu da goyo a bayanta. A 1981 aka kawo ta makarantarmu. Lokacin lissafin manyan azuzuwa yana hannun malamai baƙi, Indiyawa da mutanen Gana. Da al'amuran ƙasa suka yi tsanani a tsakiyar shekarun tamanin, sai suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari ita kaɗai ta rage. Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta haɗa azuzuwan ta ɗauka. Takan yi darasi da Turanci yadda aka tsara, in ta ga idanun yara sun yi zuru-zuru, sai ta ajiye littafi ta ce, "To mu dawo gida." Daga nan sai Hausa, har sai an gane.

Matsalar ta faro ne a 1991, a hankali. Tsakiyar allo tana ganin shi tas, amma gefe da gefe sai ya riƙa dushewa. Ta ɗauka gajiya ce. Ran nan tana cikin rubutu sai ta ji ajin ya yi tsit irin wanda ba na natsuwa ba. Ummukulsum, wata 'yar siririyar yarinya da ke zama a layin gaba, ta ce da ƙaramar murya, "Malama, kin rubuta a kan na ɗazu."

Malama ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allo. Gaskiya ne, layi biyu sun hau juna, babu mai iya karanta ko ɗaya. Ta goge, ta sake rubutawa, ta ƙarasa darasinta. Da ta koma gida ta gaya wa maigidanta, Malam Ja'afaru, tsohon ma'aikacin gidan waya. Bai tsaya jiran komai ba, ya kai ta asibitin ido a Kaduna. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin ta. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, iyakarsa ke nan.

Ta gaya mini cewa a motar dawowa tagumi ta yi har suka shigo Zariya. Malam Ja'afaru ya zaci kukan zuci take yi, yana ta ba ta haƙuri. Akwai tsoro kam, ba ta musa ba. Amma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne 'yan ajin ƙarshe na kimiyya, waɗanda jarrabawar fita ke gabansu, ga shi ko rabin aljabra ba su kai ba.

Shugabar makaranta, Hajiya Nana, mace ce mai tausayi. Ta kira ta ofis ta ce, "Malama Sailuba, kin yi iyakar naki. Bari in mayar da ke ɗakin karatu, ki huta da alli."

"To Hajiya, wa zai ɗauki ajin kimiyya?"

"Na nemi malami a ma'aikatar ilimi, sun ce babu. In ba a samu ba za a rufe ajin, mai so ta koma wata makaranta a Sabon Gari."

Su duka biyun sun san abin da wannan ke nufi. Iyaye kaɗan ne a cikin birni za su yarda 'yarsu ta riƙa hawa mota kullum zuwa can. Yawancin yaran sai dai su haƙura da kimiyya, su haƙura da aikin jinya da likitanci da duk abin da suka sa a gaba.

Malama ta ce, "Ki bar ni da su har jarrabawa."

"Ba ni kaɗai ke da iko ba. In labari ya kai ma'aikata, za su aiko mai duba aiki."

"Su aiko, Hajiya. Ido ne ya samu matsala, lissafin yana nan inda yake."

Washegari da yamma ta sa aka raka ta shagon Bahago kafinta. Ta ce ya yanko mata falankin katako guda, faɗinsa da tsawonsa daidai, kamar faifai amma mai kusurwa huɗu. Sannan dogayen sirara goma sha biyu, tsawonsu daidai da gefen babban. Sannan 'yan ƙanana masu kusurwa huɗu, faɗinsu daidai da na siraran, cike da kwano.

Bahago ya ce, "Malama, kujera ce ko akwati? Ban ga inda za a buga ƙusa ba."

"Babu ƙusa, Malam Bahago. Ka dai goge su sosai, hannun 'yan mata ne zai taɓa."

Sai kuma batun littafi, tunda karatu ya gagare ta. Wannan aiki ya faɗa kan Malam Ja'afaru, mutumin da ya ce tun yana firamare ya yi sallama da lissafi. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa tabarau, ya riƙa karanto mata tambayoyin jarrabawar shekarun baya. "Ga x da ɗan biyu a kansa," in ji shi, "sai ƙari, sai shida manne da wani x." Ita kuwa tana ji tana haddacewa, tana warwarewa a ka. Ya taɓa ce mata, "Malama, da na san auren zai kai ni ga wannan, da na tsaya na koya tun da wuri." Ta ce ai bai makara ba.

Ranar da ta fara zube katakan a tebur ina jin ta ta saman bango. Ta miƙa wa Ummukulsum alli ta ce daga yau ita ce hannunta. Ta sa ta rubuta x² + 6x + 9 = 0, ta ce abin nema shi ne lambar da in aka sa ta a gurbin x, duk lissafin zai koma sifili. Sannan ta ɗaga babban falankin ta ce, "Wannan gefensa x ne, tsawo da faɗi, to shi ne x sau x. Siraran nan kowanne x ne guda, ku ƙirgo mini shida. Ƙananan kowanne ɗaya ne, ku ƙirgo tara. Yanzu ku haɗa mini su duka su ba da murabba'i guda, tsawo da faɗi daidai, kada a bar gurbi, kada a bar saura."

Yara suka taru a tebur suna ta juyi, suna gardama. Can wata ta raba siraran biyu, ta jera uku a dama, uku a ƙasa, sai ga wata kusurwa ta buɗe. Aka zuba ƙananan tara, uku-uku, suka zauna cif. Malama ta shafa da tafin hannunta daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta ji rami ba.

"Gefensa nawa ne yanzu?"

"X da uku, Malama."

"Ɗaya gefen fa?"

"Shi ma x da uku."

"To kun ga cikakken murabba'i ke nan. Ummu, rubuta (x + 3)(x + 3) = 0. Abu ya ninka kansa ya ba da sifili, me ya zama dole?"

Wata ta ce ai dole abin da kansa sifili ne. Daga nan suka fito da amsa da kansu, x uku ne a ƙasan sifili. Wata ta yi ƙorafi cewa an koya musu irin wannan lissafi amsa biyu yake bayarwa, ina ta biyun? Malama ta ce biyun ne, amma a irin wannan sun zo iri ɗaya, don gefen biyu ɗaya ne.

Kwana kaɗan bayan haka ta ɗana musu tarko. Ta ba su x² + 10x + 16. Suka ga farko murabba'i, ƙarshe ma huɗu sau huɗu, suka yi caa suna cewa cikakke ne. Ta ce su gwada da katako. Sirara biyar a dama, biyar a ƙasa, kusurwa na neman ashirin da biyar, su kuwa sha shida ke hannunsu. Ta kama hannun wata ta sa a cikin ramin ta ce, "Kin ji? Kada farko da ƙarshe su ruɗe ku. Ku tambayi na tsakiya. Huɗu biyu takwas ne, nan kuwa goma aka ce." Ta kuma kafa musu doka: duk amsar da aka samu sai an mayar da ita cikin tambaya an gani ko ta ba da sifili. Ta ce, "Ko ni na faɗa, ku gwada. Ni ba na ganin allon nan, ku ne masu gani."

Mai duba aikin ya zo a farkon 1992, wani dattijo mai suna Malam Shehu. Ba da mugun nufi ya zo ba. An ce masa makauniya na koyar da lissafi, kuma haƙƙin yara yana wuyansa. Ya zauna a bayan aji.

Malama ta ce a rubuta x² − 10x + 25 = 0. Ummukulsum, da ganin baƙo ta rikice, ta sa alamar ƙari a inda ya kamata ta sa ta ragi. Malama ba ta sani ba. Ta bi lissafinta a ka, ta kai ga amsa, ta ce x biyar ne.  Malam Shehu ya ga kuskuren tun farko, ya sunkuyar da kai.

Akwai wata yarinya a layin baya, Rahmatu, wadda lissafi ke ba wuya fiye da kowa, ba ta cika magana a aji ba. Ita ce ta ɗaga hannu, sannan ta tuna ba za a gani ba, ta miƙe tsaye.

"Malama, na mayar da biyar ɗin, bai ba ni sifili ba. Ɗari ya ba ni."

Daga baya Malama ta gaya mini ta tsorata, don ta san wanda ke zaune a baya, ta kuma san abin da zai iya biyo baya. Amma ba ta nuna ba. Ta ce, "Madalla, Rahmatu. Karanto mini allon, ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake alama."

Rahmatu ta karanta. Da ta zo kan ƙari, Malama ta ce ta tsaya. Ummukulsum ta ajiye alli, idonta ya cika da ƙwalla, za ta koma wurin zamanta.

"Ina za ki? Ɗauki allinki. Kada ki goge. Yanzu tambaya biyu gare mu maimakon ɗaya. Wadda na faɗa amsarta biyar. Wadda ke kan allo fa?"

Suka yi ta tare, suka samu biyar a ƙasan sifili, suka mayar, ta ba da sifili. Sannan aka gyara alamar aka gwada biyar, ita ma ta zauna. Ummukulsum ta ƙarasa darasin a tsaye gaban allo.

A ofis Malam Shehu ya ce, "Malama, gaskiya zan faɗa miki. Abin da nake tsoro shi ne ya faru a gabana. Allo ya ce wani abu, ke kin ce wani."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kuma zai sake faruwa, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma ka ga wadda ta kama shi. A ɗakin jarrabawa ba ni ba allo, wannan gwajin shi kaɗai za su shiga da shi. In kana da malami, kawo shi gobe in ba shi wuri, in zauna a baya in taimaka masa. In babu, kada a rufe wa yaran nan aji."

 Daga ƙarshe ya ce ba shi da malami, kuma ba zai rufe ajin ba. Ya sa sharaɗin wata malama ta riƙa duba takardun yara tare da ita, ta karanta mata tana yanke maki. Malamar kimiyyar halittu ta karɓa, wani lokaci ni ma in zauna, ina karanta abin da ban gane ba.

Ke ce, Malama, wadda santsin damina ya kayar a bakin kwata ana saura kaɗan jarrabawa, wuyan hannunki ya goce, aka ɗaure, washegari muka ji muryarki ta saman bango kina tambayar na tsakiya. Ke ce wadda idon hagu ya mutu gaba ɗaya a wannan shekara, ba ki gaya wa yara ba sai da suka ajiye alƙalami a takardar ƙarshe. Da muka ce ki ji tausayin kanki, cewa kika yi za ki ji, bayan Yuni.

Sakamako ya fito, fiye da rabin ajin suka ci lissafi da kyau, abin da makarantar ta daɗe ba ta gani ba. Amma Rahmatu ba ta ciki. Ta faɗi. Muna ta murna a ɗakin malamai, Malama kuwa tana zaune ta haɗe rai. Da aka tashi ta ce in raka ta gidan su Rahmatu. Mahaifin, Alhaji Mamman, mai ɗinkin babbar riga ne, muka same shi a zaure da allura a hannu. Ya ce ai yarinya ta gwada, Allah bai yi ba, ta zauna ta taya uwarta aiki.

Malama ta ce, "Alhaji, yarinyar nan ta tashi a gaban baƙo daga ma'aikata ta ce wa malamarta amsa ba ta yi ba, kuma ita ke da gaskiya. Kanta lafiya lau, sauri ne ba ta da shi, shi kuwa ana koyon sa. Ka ba ni ita shekara guda. Ba sai ta je makaranta ba, gidana za ta riƙa zuwa da la'asar."

Alhaji Mamman ya ce zai yi shawara. Malama ta ce to za ta dawo jin shawarar. Ta koma, ya ce bai gama ba. Ta sake komawa, har ya gaji ya yi dariya ya ce, "Malama, na ga alamar in ban ba ki ita ba zauren nan za ki tare. Ku je, Allah ya taimaka." Shekara ta zagayo Rahmatu ta sake zama, ta ci. Yau ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ke zuwa duba ko maganin idon Malama ya kusa ƙarewa.

Malamin da ma'aikata ta ce za ta nemo bai zo ba a wannan shekara, bai zo ba a ta gaba. Malama ta ci gaba, aji bayan aji, kowace shekara da sabuwar mai riƙe alli, ganinta na raguwa har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Tana iya ajiyewa tun tuni, babu mai zargin ta. Ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji wani a kan kujerar. Bara aka turo mana sabuwar malamar lissafi daga kwalejin horon malamai. Da ta yi sallama a ƙofar ɗakin malamai, sai ga Ummukulsum. Malama ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ce, "To kin zo. Sai mu yi shekara guda tare, ki ga inda yara ke tuntuɓe." Shekarar ce take ƙarewa yanzu.

Malama Sailuba, uwar lissafi ta Ƙofar Jatau, mun gode. Iyayen da kika riƙe wa 'ya'ya sun gode, mu abokan aikinki da muka koyi tsayuwa a wurinki mun gode. Muna gode wa Malam Ja'afaru, wanda yanzu yake iya gane cikakken murabba'i tun kafin ya gama karanto shi, ko da yake yana musu. Allah ya saka miki da alheri, ya haskaka miki abin da ya rage na rayuwa, ya sa aikin nan ya tarye ki a inda babu ciwon ido.

Ku kuma masu karatu, malamai da iyaye, kowa yana da ɗan ajin da za a rufe in ya janye hannunsa. Ku duba naku ku riƙe.

Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, na tambaye ta ko akwai abin da take so a yi mata na ban kwana, don malamai sun fara maganar atamfa da kofin girmamawa. Ta ce a bar su. Ta ce in dai 'yan mata za su karanta, in rubuta musu cewa tana son wata a cikinsu ta je ta karanto lissafi ta dawo makarantar nan. "Ummu ita kaɗai ce yanzu," in ji ta. "Na yi wannan zaman, na san nauyinsa. Kada a bar ta ta daɗe a haka."

To ga saƙon na isar.